'Yan aji ɗaya da aji biyu a Jidda: amsoshin tambayoyin iyaye kan karatun mako da fita fili

Kakana ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar sauke farali, ya bi ta Sudan, ya tsallako Bahar Maliya, bai sake komawa ba. A nan Jidda aka haife ni, a nan na yi karatu, yanzu kuma ina riƙe da 'yan aji ɗaya da aji biyu a wata ƙaramar makarantar kuɗi da yawancin yaranta 'ya'yan mutanenmu ne. Yara Abla suke ce mini, kamar yadda ake kiran malamai mata a Hijaz, iyaye kuwa Malama. Kowace shekara tambayoyin nan dai su ne ake yi mini a bakin ƙofa, uwa na saɓe da jariri, direba na ta danna oda, ba a gama magana ba an rabu. Shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Abin da ya shafi tsarin ma'aikatar ilimi na kowa ne. Abin da ya shafi ajina kuwa, wata malamar za ta iya yin nata daban.

Malama, mu baƙi ne. Yaya makon makaranta yake a nan?

Lahadi ake shiga, Alhamis a tashi, Juma'a da Asabar hutu. Tun 2013 ake haka. Kafin nan Alhamis da Juma'a ne hutun, irin na makarantar allo a gida. Wanda ya saba da Kano ko Damagaram yakan sha mamaki a makon farko, kuma ba sau ɗaya ba na kira uwa ranar Lahadi da safe na tarar yaro yana barci, ita kuma tana wanki hankalinta kwance.

Da sassafe ake ɗabur, wato a jeru a fili, a ɗan motsa jiki, a yi taken ƙasa, wani yaro ya karanta ayoyi. Daga nan sai darussa, kowanne kamar minti 45, a tsakiya a fita fusha, a ci abinci a sha iska. Ƙanana suna tashi ne wajen azahar. Lokacin shiga yana sauyawa tsakanin bazara da hunturu, don haka a riƙa duba saƙon makaranta, kada a dogara da na bara. Haka ma zango: a 2021 an mayar da shekara zango uku, a 2025 aka dawo da biyu.

Me yaro yake koya a cikin mako guda?

Kafin kowane mako ya kama nakan aiko da takarda mai shafi ɗaya. A manna ta a jikin firji, ta fi amfani a can da a cikin waya.

Gindin karatun aji ɗaya shi ne baƙi. Larabci baƙaƙe 28 ne, kuma ba daga alif muke farawa ba, abin da ke ɗaure wa iyaye kai. Darasin Lugati, wato na Larabci, da mim yake buɗewa, sai ba, sai lam, sai dal, saboda yaro ya samu baƙaƙen da zai haɗa kalma da su tun da wuri. Kowane baƙi za mu ji sautinsa da fataha da kasra da damma, mu ja shi da madda, mu gan shi a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, domin kamanninsa na sauyawa. Lissafi kuwa ƙirge ne, da fi da kasa, da tarawa da ɗebewa a ƙananan lambobi. Akwai haddar gajerun surori, da tauhidi da fiƙihu gwargwadon hankalinsu, da kimiyya, da zane, da motsa jiki. Turanci ma tun 2021 daga aji ɗaya ake fara shi a makarantun gwamnati.

Ni dai yadda nake yi, nakan ɗaure mako duka a kan abu guda. In makon ruwa ne, kalmomin ruwa za mu rubuta, kofuna za mu ƙirga, alwala za mu koya, a fili kuma ruwa za mu auna. Yaro ɗan shekara 6 bai san bambancin darasi da darasi ba. Mu manya ne muka yanyanka masa ilimi kamar tsire.

Kuɗi muka biya a koya masa karatu. Me ya kawo fitar da su fili suna guje-guje?

Wannan tambayar iyaye maza suka fi yi, kuma ban ga laifinsu ba. Mutumin da ke tuƙi daga asuba zuwa dare don ya haɗa kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya tambaya.

To Alhaji, ka dubi rayuwar ɗanka. Daga shagga, wato gidan haya a bene, mai sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya shiga mota mai mukayyif, ya sauka a aji mai mukayyif, ya dawo ya zauna gaban waya har barci ya ɗauke shi. Kai a shekarunsa ka san ƙaya, ka san tururuwa, ka hau katanga ka faɗo, an aike ka kasuwa ka ƙirgo canji. Duk wannan karatu ne da ka yi ba tare da an kira shi karatu ba, kuma a kansa malaminka ya ɗora baƙi da lissafi. Ɗanka ba shi da wannan gindin. In na rubuta masa "inuwa" a allo, zai kwafa, amma bai taɓa tsayawa ya ga tasa tana gajarta ba.

Akwai kuma maganar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kullum na motsi mai sa numfashi ya hau. Likitocin ido sun tabbatar cewa zama a hasken waje yana rage wa yara kamuwa da rashin ganin nesa, wanda ke sa musu tabarau tun suna ƙanana. A Taiwan, da matsalar ta yi musu yawa, a 2010 suka umarci makarantu su riƙa fitar da yara waje har minti 120 a rana, kuma abin ya sauka. Ga ƙarancin bitamin D da ya yi katutu a ƙasar nan duk da wannan rana tamu, don kowa gudunta yake. Mu masu duhun fata mun fi bukatar daɗewa a rana kafin jiki ya samu rabonsa, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan aikin.

Amma in gaya maka gaskiya, ba likita ne ya gamsar da ni ba, aji ne. Yaron da ya fita ya yi gudu na minti 20, in ya dawo yakan zauna ya rubuta layi uku lafiya lau. Wanda aka tsare a kujera tun safe, fensir zai yi ta fiƙewa har ya ƙare, ya tsunkuli na kusa da shi, ya nemi zuwa banɗaki sau huɗu. Da in ɓata rabin darasi ina cewa "a zauna, a yi shiru", gara in ba da wannan lokacin a fili in karɓi sauran da albarka.

Da wannan zafin na Jidda?

Ba mu wasa da rana. A watan Yunin 2010 zafi ya kai digiri 52 a garin nan. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana a sa ko ƙato ma'aikaci aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, balle ɗan shekara 6.

Don haka shekararmu kashi biyu ce. Daga buɗe makaranta zuwa wajen ƙarshen Oktoba, fitarmu gajera ce, da sanyin safiya, a ƙarƙashin rumfa. Satumba ta fi ba ni tsoro, don ga zafi ga damshin teku, gumi ya fito amma ba ya bushewa, jiki kuma ba ya hucewa sai gumi ya bushe. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa kakarmu ce ta yanke saƙa: a nan muke yin yawancin aikin fili, wani lokaci darasi sukutum a waje. Afrilu na shiga mu fara janyewa.

Kowane yaro da gorar ruwansa, a rubuta sunansa a jiki. Kafin a fita a sha, in an dawo a sha, ko ya ce ba ya jin ƙishi. Wanda ya ce kansa na ciwo, ko jiri, ko tashin zuciya, ko na ga ya yi laushi ya daina magana, nan take zai koma inuwa, a jiƙa masa jiki, in kira gida. In ɗanki yana da sikila ko asma, don Allah Hajiya ki faɗa mini tun ranar farko. Mai sikila ƙishirwa da gajiya mai tsanani na iya tayar masa da ciwo, kuma cutar tana da yawa a cikinmu. Ba zan hana shi fita ba, zan dai san irin idon da zan sa masa. Ɓoye mini ba rufin asiri ba ne.

To me kuke yi in kun fita?

Filinmu ba wani fili ba ne, siminti ne da rumfa da 'yar kusurwa mai ƙasa. Amma ya ishe mu.

Wanda na fi so shi ne aikin inuwa. Mu kafa sanda, da safe yara su zana ƙarshen inuwarta da alli, a fusha su sake, kafin tashi su sake. Su auna da taƙi, su auna da ƙafa, su yi gardama a kan me ya sa taƙin wane ya ba da bakwai na wance ya ba da tara, daga nan su gane dalilin da ya sa aka yi ma'auni guda. Sai in gaya musu da haka kakanninsu suke gane azahar da la'asar kafin agogo: rana ta goce daga tsaka, azahar ta shiga, inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire ta tsakar rana, la'asar ta yi. Lissafi, kimiyya da fiƙihu a sanda ɗaya. Sau biyu a shekara, wajen 27 ko 28 ga Mayu da 15 ko 16 ga Yuli, rana takan tsaya daidai saman Ka'aba da tsakar rana. Mu da ke kusa da Makka, a kwanakin inuwar sandarmu kusan ɓacewa take. In ta Mayu ta faɗo ana karatu, mukan leƙa na minti biyu mu gani mu gudo.

Akwai aikin gishiri. In kawo ruwan teku a gora, mu zuba a faranti baƙi mu bar shi a rana, bayan kwana biyu ruwa ya tafi, gishiri ya zauna. Sai tambaya ta taso da kanta: ina ruwan ya je? Daga nan nake gaya musu cewa ruwan famfon gidansu yawanci daga tekun nan aka tace shi, kuma tun zamanin Turkawa Jidda take da injin tace ruwa da tsofaffi ke kira kindasa.

Muna shuka a gwangwanayen madara. Wake ya fi saurin fitowa, shi ya fi dacewa da gajen haƙurin yara. Kuɓewa da yakuwa ma suna yi, kuma nakan zaɓe su da gangan, don yaron da ke shan miyar kuɓewa da zoɓo a gida ya ga daga ina suke. Kowa da ranar ban-ruwansa. Wata shekara duk shukar ta mutu a hutun tsakiyar zango, laifina ne, ban shirya wanda zai kula ba. Kukan da aka sha ranar ban manta shi ba, amma ban taɓa samun ajin da ya riƙe darasin bukatun tsiro kamar wannan ba.

Sauran kuwa wasa ne tsantsa: tsallen igiya ana ƙirge, ɓuya, langa, 'yar gala-gala. Ita wannan 'yan Hijaz suna da irin tasu da suke kira birbir, sai na rubuta baƙaƙen mako a cikin gidajen, duk inda ka dira ka faɗi sautin.

In an yi ruwa ko ƙura fa?

Ƙura, muna ciki, tagogi a rufe. Ruwa kuwa a Jidda ba abin wasa ba ne. Wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009, da ta ci sama da mutum 100, ba ya jiran a yi masa bayani, kuma a Nuwamban 2022 an sake ganin motoci na iyo a titi. In hukuma ta ba da gargaɗi akan dakatar da zuwa makaranta, karatu ya koma ta intanet, makarantun gwamnati a manhajar Madrasati da aka saba da ita tun korona a 2020. Sanarwar takan zo da dare ko da asuba, a bar waya a kunne.

Bayan ruwa aikinmu na farko shi ne zagaya fili mu kifar da duk abin da ya tara ruwa. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a ruwa mai tsabta da ya kwanta yake ƙwai, da rana kuma yake cizo, kuma an san cutar a Jidda tun 1994. Yara suna son wannan farautar, har gida suke kai ta. In ɗanki ya zubar miki da ruwan da ke ƙarƙashin tukunyar fure, ni na aike shi.

Hausa muke yi a gida. Wata ta ce in daina, wai ita ke hana shi Larabci. Gaskiya ne?

Kada ki daina. Na sha ganin uwa ta bar Hausarta mai daɗi ta koma yi wa ɗanta Larabcin kasuwa guntu-guntu, a ƙarshe yaro bai samu Hausa ba, Larabcin ma gurgu ya samu. Larabci zai same shi ko kin so ko ba ki so ba: yana aji, yana titi, yana talabijin. Hausa kuwa in ba a bakinki ba, ba shi da inda zai ji ta. Kuma yaron da aka yi wa tatsuniya ya san labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ya san jiran abin da zai faru da Gizo. Wannan sanin ba ya zama a harshe ɗaya, yana bin sa duk inda ya shiga.

Ɗan Bahaushe ma da jarinsa yake zuwa. Ranar da na fara koyar da kwanakin mako nakan ce su faɗa mini da Hausa: Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Sai in faɗa da Larabci, su yi ta dariya, wai Larabawa sun ari namu. Haka ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin. Haka alƙalami, allo, darasi, sabulu.

Inda yake tuntuɓe sananne ne. Ha mai ƙarfi da ha mai laushi duk ɗaya yake jin su, sin da sad da sa mai ɗigo uku duk "sa" ne a kunnensa, ain kuma sai ta koma alif. Wannan aikina ne, kuma a shekarun nan harshe ɗanye ne, yana tanƙwaruwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗan Balaraben ma baƙo ne a aji, don Larabcin gidansu daban, na littafi daban.

Kakansa yana koya masa karatun allo irin na gida. Ba zai rikice ba?

Zai ɗan rikice in ba a yi masa bayani ba. Karatun tsangaya a ƙasar Hausa ruwayar Warshu ce, makarantun nan kuwa Hafsu ake yi. Rubutun ma ya bambanta: a allon kaka fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, a littafinmu fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Kun ga abin da kaka ya kira ƙaf, a wurina fa ne.

Ban ce a hana Baba ba, wane ni. Zaman da jika ke yi a gabansa ya fi abin da zan koyar a wata. A dai gaya wa yaro a fili cewa duka biyun karatu ne ingantacce, wannan na Baba, wannan na makaranta. In kuma Baba zai yarda ya riƙa bin surar da muke kai a makon, ya sauƙaƙa mana duka.

Yana juya lambobi da baƙaƙe. Ciwo ne?

A aji ɗaya, yawanci ba ciwo ba ne. Ki duba abin da muka ɗora masa: rubutu daga dama, lambobi daga hagu, Turanci daga hagu. Biyar ta Larabci ƙawanya ce kamar sifilin boko, sifili kuma ɗigo. Bakwai da takwas abu ɗaya ne an kifa, biyu da shida suna kallon juna. Sannan Bahaushe ya ce ashirin da ɗaya, Balarabe ya ce ɗaya da ashirin, sai yaro ya rubuta 12 a wurin 21. Rubutu da yatsa a cikin yashi, da manyan baƙaƙe da alli a ƙasa da zai bi da ƙafa, suna gyara wannan fiye da cika shafi. In ya kai ƙarshen aji biyu abin bai ragu ba, ko yana matso da littafi har hanci, sai mu zauna, a fara da gwajin ido da kunne.

Aikin gida nawa ya kamata?

Wajib ɗin da nake bayarwa bai kamata ya wuce minti 15 zuwa 20 ba. In ya kai awa ana kuka, a rufe littafi a rubuto mini. Kuma don Allah kada yayarsa ta yi masa. Ina gane rubutun 'yar aji shida.

Jaka kuma a riƙa zazzage ta kowane dare a sa na gobe kawai. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin yaro, wato mai kilo 20 jakarsa kilo 2.

Me zan sa masa na fusha?

Abin da zai ci da hannu ɗaya cikin minti goma: gutsuren burodin tamis da cuku ko ƙwai, dabino, ayaba, kokwamba, laban, wato nono. Ƙosai ma yana zuwa ajina, kuma ranar da ya zo har 'ya'yan Larabawa sai sun miƙo hannu. In za a ba shi riyal na maƙsaf, wato shagon makaranta, a tambaye shi me ya saya.

Amma abin da ya fi abinci damuna barci ne. Garin nan da dare yake rayuwa, a fita ziyara bayan isha'i, a dawo ƙarfe ɗaya da yara a kafaɗa. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12. Wanda zai tashi ƙarfe 5:30, ku yi lissafin da kanku. Rabin yaran da ake kawo mini ƙararsu cewa ba su da ƙwaƙwalwa, barci ne kawai ke bin su bashi.

'Yata mace ce. Ita ma sai ta yi tsalle-tsallen?

Ita ma. Tun 2017 aka shigar da darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati. Filinmu a katange yake, mata ne ke kula da su. A sa mata wando a ƙarƙashin maryul, wato rigar makaranta, da takalmi mai rufe ƙafa. Uwar da ta yi gaɗa a dandali har ta gaji ba ta da hujjar hana 'yarta tsallen igiya.

Masu tambaya kuma me ya sa mace ke koyar da ɗansu namiji: tun 2019 aka fara miƙa ƙananan azuzuwan maza ga malamai mata a makarantu da yawa.

Rihla, wato fita yawo da makaranta, dole ce?

Ba dole ba ce, kuma babu yaron da zai hau mota sai da sa hannun mahaifinsa ko waliyyinsa. Wanda bai je ba yana makaranta tare da wata malama. In kuɗi ne matsalar, a same ni a gefe, magana ta tsaya tsakaninmu.

Da hunturu muke yi. Wurin da na fi so shi ne Balad, tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Yara su taɓa bangon da aka gina da dutsen murjani na teku, su ɗaga kai su ga rawashin, tagogin katako masu huda da ke shigo da iska tun ba a san mukayyif ba. A ƙofar gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, akwai wata tsohuwar bishiya da ake cewa a da ita kaɗai ce a Jidda. Darbejiya ce. Nakan tsinko ganye ɗaya da ya faɗo in ce su kai wa kakarsu su tambaye ta sunansa. Washegari wani ya ce dogonyaro, wani maina, wani bedi, daga nan in gane daga wane yanki kowane gida ya fito.

Da azumi fa?

Ana shiga a makare, darussa su gajarta, guje-guje mu ajiye shi. Ƙananan nan azumi bai hau kansu ba, don haka a sa musu ruwa da ɗan abinci ko da sun ce suna yi. Mai son gwada rabin yini, a sanar da ni.

Ya dawo da riga duk ƙasa, gwiwa a kurje.

Rigar, ki yi haƙuri, ranar shuka ce, tana cikin takardar mako, a sa masa tsohuwa. Kurjewa kuwa mukan wanke mu rufe, in rubuto miki yadda aka yi. In buguwa ce a kai, ko da bai yi kuka ba, kira zan yi ba rubutu ba. In kuma ya ce wani ne ya ture shi, ki zo wurina kafin ki je wurin uwar yaron. Sau da yawa kafin manya su gama hushi, su biyun sun raba biskit.

Gidanmu shagga ce a hawa na huɗu, ba tsakar gida. Me za mu iya yi?

Yawancinmu haka muke, musamman tun da aka rushe tsofaffin unguwannin kudancin gari aka watsu a gidajen haya. Da hunturu, bayan la'asar, hadiƙar unguwa, wato lambun shaƙatawa, ta isa, ko rabin awa ne, a bar wayar a jaka, taki da tasa. Ranar Juma'a ko Asabar in an je Kurnish, bakin teku, a bar shi ya cire takalmi ya taka yashi, ya tsinto katantanwar teku ya kawo mini ranar Lahadi, muna da kwalin da muke tarawa. Ya bi babansa masallaci a ƙasa, ya ƙirga matakalar bene yana sauka, ya karanto lambobin motoci. A bagala, wato kantin unguwa, a ba shi riyal biyar ya biya da hannunsa ya karɓi canji. In ana tsintar shinkafa ko gyaran zogale a zaunar da shi a ba shi nasa tiren. Gwangwanin wakensa kuma in ya kawo gida, a ajiye a taga mai samun rana, ba a bayan labule ba, kuma kada a taya shi ban-ruwa ko an ga ya manta. A tuna masa dai.